LilyPond da ɗaurin notocin tsohuwar Turai: abin da take iyawa da inda take gajiyarwa

Duk mai koyar da mawaƙan coci a Wusasa ko Sabon Gari, ko ɗalibin da aka ba aikin kwafe waƙar ƙarni na 13 zuwa na 15, zai ci karo da wani abu da solfa ba ta san shi ba: notoci biyu, uku ko fiye a manne da juna kamar tubala, ana rera su a kan gaɓa ɗaya. Da Latin ana kiran wannan ligatura, mu ce masa ɗauri. Wanda ya yi karatun allo zai gane shi da wuri. Kamar yadda harafi yake sauya kama idan ya zo a farkon kalma, tsakiya ko ƙarshe, haka tsawon nota a cikin ɗauri ya dogara da wurin da ta zauna da surar da aka ba ta. Franko na Kolon ne ya tsara dokokin a ƙarni na 13. Ɗauri mai gangarowa da wutsiya ƙasa a hagu, notarsa ta farko gajera ce, wato brevis. Babu wutsiyar, ta zama doguwa, wato longa. Mai hawa kuma akasin haka ne, rashin wutsiya shi ke nuna brevis. Wutsiya sama a hagu tana nufin notoci biyun farko semibrevis ne, wato waɗanda suka fi brevis gajarta. Na tsakiya duk brevis ne. Ta ƙarshe idan ta gangaro da sura mai kusurwa huɗu longa ce, idan ta zo a jirkice kamar yankan wuƙa brevis ce.

Kafin a taɓa kwamfuta sai an yanke shawara ɗaya. Ko dai a rubuta waƙar da notocin yau a ɗora baka mai kusurwa a saman waɗanda suke ɗaure a asali, ko a zana ɗaurin da surarsa ta da. Na farko kowace manhaja tana yi. A MuseScore da Dorico layi ne mai ƙugiya biyu za a ja daga nota ta farko zuwa ta ƙarshe, shi ke nan. Na biyu ne yake raba manhajoji, kuma a nan ne LilyPond, manhajar rubuta notocin waƙa, ta cancanci wahalar koyonta.

Kyauta ce, ba ta neman intanet bayan an sauke ta, kuma tsohuwar laftop tana ɗaukarta. Ba a jan nota da linzami, rubutu ake yi, sai ta fitar da PDF. A haɗa ta da Frescobaldi, manhajar da ake rubuta fayilolinta a ciki, domin a riƙa ganin rubutun a hagu, shafin a dama. Bayanin nan a kan 2.24 yake, wadda ta fito a Disamban 2022.

Ana buɗe ɗauri da \[ kafin nota ta farko, a rufe da \] bayan ta ƙarshe. A murya ta yau da kullum wannan baka mai kusurwa zai ba ka. Ka mayar da muryar zuwa MensuralVoice, wadda aka tanada domin tsofaffin notoci, rubutun nan dai bai sauya ba, sai ɗauri ya fito da surarsa. Ma'ana fayil ɗaya ya isa a fitar da kwafin mawaƙa da na mai nazari. Kuskuren farko da kowa yake yi shi ne sa alamar buɗewa bayan notar, domin haka ake yi da bakan da ke haɗa notoci a rubutun yau, ko mantawa da karkatacciyar sandar gabanta, sai manhajar ta ɗauka ana son haɗa wutsiyoyi ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba kai kake zaɓar surar ba. Ka faɗa mata sauti da tsawo, ita ce za ta bi dokokin Franko ta zana. Rubuta \[ d'\breve c'\longa \] ka ga tubali biyu suna gangarowa, wutsiya tana rataye a hagun na farko. Mayar da ta biyun \breve, nan take tubalan su narke su zama sanda ɗaya a jirkice. Mayar da duka biyun \longa, wutsiyar ta ɓace. Amfanin wannan ya wuce ado. Idan ka ajiye hoton tsohon rubutun hannun kusa da abin da ta fitar ka ga ba su yi kama ba, galibi kai ne ka karanta tsawon ba daidai ba. Malami ne da ba ya gajiya da gyara, kuma ɗalibin da ya yi mako biyu da ita zai riƙe dokokin fiye da wanda ya haddace jadawali. Manhajar da ake manna alamu ɗaya bayan ɗaya ba ta ba da wannan, za ta bar ka ka zana ɗaurin da babu marubucin da ya taɓa rubuta irinsa.

Tana ƙin wasu abubuwa, ta yi gargaɗi a ƙasan allo: nota guda ita kaɗai a ɗauri, sauti ɗaya sau biyu a jere, ko notar da ta gaza semibrevis gajarta. Akwai kuma tarkon gadon tsawo. Lamba 1 ita ce semibrevis, kuma duk notar da ba a rubuta mata tsawo ba tana gadon na wadda ta gabace ta. Wanda ya rubuta c'1 d' e' yana nufin ta ukun brevis ce, ya samu semibrevis uku, ɗaurin ya lalace. A rubuta wa kowace nota tsawonta, ko da ya zama maimaici.

Lissafin lokaci ma yana buƙatar hannu. A wurinta brevis kullum semibrevis biyu ce, alhali a awon da magabata ke kira cikakke uku ce. Ɗigo ba magani ba ne, domin zai bayyana a takarda inda asalin ba shi da shi. A rubuta \breve*3/2, surar ta zauna yadda take, lissafin ya cika. Idan aka yi sakaci da wannan a waƙa mai murya uku, kafin rabin shafi muryoyin sun rabu, kowacce ta kama gabanta.

Inda take gajiyarwa shi ne tazara. Tana ware wa kowace nota fili gwargwadon tsawonta ko da notocin suna manne, sai ka ga ɗauri ƙarami a hagu da fili fetal a bayansa kafin na gaba, shafin ya yi kama da gonar da shuka ba ta tsira sosai ba. Littafin jagorarta ma ya amsa wannan rauni. Sa umarnin tazara na ragged-right da packed-spacing yana rage shi, ba ya kawar da shi. Kalmomin waƙa su ma ba sa sanin an ɗaure notoci, kowace nota za ta ci gaɓa guda sai an sa \melisma a ta farko da \melismaEnd a ta ƙarshe. Mantawa sau ɗaya yana ture dukan baitin gaba. Fulat da shaf ba sa shiga cikin ɗauri, wurinsu gabansa ne, don haka a duba kowanne da ido. Waɗanda edita ya ƙara da kansa kuwa, suggestAccidentals tana ɗora su ƙanana a saman layi, kuma wannan yana fita tsaf.

Waƙar Giregori, tsohuwar waƙar cocin Katolika mai layi huɗu, wani zance ne. LilyPond tana da VaticanaVoice, amma a nan dole ka kira kowace sura da sunanta, \pes, \flexa, \virga, rubutun ya yi yawa. Manhajar Gregorio ta fi ta nesa ba kusa ba: gaɓa, sai notocinta a baka biyu da haruffa daga a zuwa m, kalmomi su zauna daidai a ƙarƙashin notocinsu. Nauyinta shi ne sai an girka tsarin shirya shafi na LuaLaTeX, wanda yake cin data sosai. Masu tsohuwar manhajar Finale da ƙarinta mai suna Medieval su sani kamfanin ya daina sayar da ita a Agustan 2024, bai kamata sabon mai koyo ya fara daga can ba.

Wajen bugawa, PDF ɗin yana tafe da haruffansa a ciki, ana iya kai shi kowane shagon kwamfuta a Samaru ko Kongo a filasha ya fito yadda yake. A kula da girma kawai. Tsayayyen girman layi 20 ne, kuma farar nota ta ƙarni na 15 rami ne da siririn baki. Idan aka yi hoton kwafi daga kwafi, ko tawada ta yi ƙasa, wutsiyar hagu ce take fara ɓacewa, brevis ta koma longa a idon mawaƙi. A ɗaga girman zuwa 23 ko 24 da set-global-staff-size, a kuma buga kowane kwafi daga fayil ɗin kai tsaye.