Ofishin akanta a Nima, taurari huɗu na ba shi

Jama'a ni dai sai bana na fara zuwa wurin akanta kan harajin shagona na atamfa a kasuwar Makola da ke Accra, da can kawai biya nake duk abin da aka ce. Ofishin yana Nima, ɗan ƙaramin ɗaki a sama, fanka ɗaya tana kuka, amma mutumin ya san aikinsa wallahi. Ya ce Hajiya ina rasit ɗinki, na juye masa leda cike da takardu har da wanda miya ta ɓata, bai yi tsaki ba, ya zauna yana ware kuɗin haya daban, kuɗin wuta daban, ya nuna min ashe ana cire su kafin a lissafa riba. Da lambar Ghana Card ɗina ya shigar da komai wurin GRA, hukumar haraji ta Ghana, a kwamfuta.

Muna cikin hira na tambaye shi zancen Trump, wanda jaridar New York Times ta ce dala 750 kacal ya biya harajin tarayya a 2016, shekarar da ya ci zaɓe. Ya yi dariya ya ce ai asarar baya ake jawowa a rufe ribar gaba, doka ta yarda. To ni abin ya tsaya min a rai, mai kuɗi na da lauyoyi masu nemo masa ƙofa, mu ko lokacin E-levy, harajin tura kuɗi ta waya, ko MoMo ka tura sai an yanka.

Tauraro ɗayan da na rage, jira ne. Awa biyu a benci, ko ruwan leda babu.