Adolescence na Netflix: Shin Ya Dace a Bar Matasa Su Kalla?

Ƙanwata ce ta tambaye ni ko ta bar ɗanta mai shekara 14 ya kalli Adolescence, wasan kwaikwayon 'yan sanda na Birtaniya da Netflix ta saki ranar 13 ga Maris, 2025, domin abokansa sun riga sun sa an tura musu shi a waya, shi kuma ya hana ta sakat. Kashi huɗu ne kacal, kowanne kimanin awa guda, saboda haka na kammala shi cikin dare biyu kafin na ba ta amsa.

Labarin yana farawa ne da sanyin safiya a wani gari na arewacin Ingila, inda 'yan sanda ɗauke da bindigogi suka ɓalle ƙofar gidan wani mai gyaran famfo suka kama ɗansa, Jamie Miller, mai shekara 13, bisa zargin daɓa wa wata 'yar makarantarsu, Katie, wuƙa har ta mutu. A dokar Ingila, yaro daga shekara 10 ana iya tuhumarsa da laifi, don haka kama ɗan shekara 13 irin haka abu ne da zai iya faruwa a gaske. Darakta Philip Barantini ya ɗauki kowane kashi a tashi ɗaya ba tare da yankewa ba, wannan ne ya sa mai kallo ke bin yaron tun daga ɗakin kwanansa, cikin motar 'yan sanda, zuwa caji ofis, inda aka karanta masa haƙƙoƙinsa, aka ɗauki hoton yatsunsa da samfurin jininsa, aka kira masa lauya, aka kuma ce ya zaɓi babban mutum guda da zai zauna tare da shi, ya zaɓi mahaifinsa. Babu tseren motoci, babu musayar wuta, babu ɗan sandan da ke marin wanda ake zargi don ya amsa laifi. Ta wannan fuskar, kashi na farko darasi ne mai kyau a kan yadda ya kamata hukuma ta bi da yaron da ke hannunta.

Iyayen da tsoronsu tsiraici ne ko jini za su iya kwantar da hankalinsu zuwa wani mataki. Kisan kansa daga nesa ake ganinsa a hoton kyamarar tsaro, na ɗan lokaci kaɗan, kuma lokacin da aka tuɓe yaron don bincike, kyamara fuskar mahaifin ta tsaya a kai, wanda Stephen Graham ya fito a matsayinsa. Ashar kuwa akwai ta birjik, har daga bakin ɗalibai zuwa ga malamansu.

Nauyin wasan yana kashi na uku, kuma shi ne dalilin da ya sa na ƙi amincewa yaron ƙanwata ya kalla shi kaɗai. Wata bakwai bayan kamun, wata masaniyar halayyar ɗan Adam, wadda Erin Doherty ta taka, ta zauna da Jamie a ɗaki guda tana yi masa tambayoyi a kan yadda yake kallon mata, da abin da ya ɗauka shi ne mazantaka, da iyakar abin da ya taɓa yi da 'ya mace. A nan ne aka ji cewa hoton tsiraicin Katie ya yaɗu tsakanin ɗalibai, shi kuma Jamie ya nemi ta fita da shi a daidai lokacin don yana ganin ta yi rauni, da ta ƙi shi sai ta riƙa yi masa ba'a a Instagram cewa babu macen da za ta so shi. Owen Cooper, wanda ya fito a matsayin Jamie, ya kuma ci kyautar Emmy ta shirye-shiryen talabijin a 2025 yana ɗan shekara 15 saboda wannan rawa, yana juyawa daga yaro mai ban tausayi zuwa mai tsawa a kan babbar mace cikin ƙiftawar ido. Babba zai ga yaron da intanet ta gurɓata wa tunani. Abin da nake jin tsoro shi ne ɗan shekara 13 ko 14 ya ga tsaransa da aka wulaƙanta ya rama, domin wasan bai tsaya ya yi wa kowa wa'azi ba, ya bar wa mai kallo hukunci.

Kashi na biyu, wanda aka yi a makaranta, shi ne mafi rauni a ganina, duk da akwai wuri mai amfani inda ɗan jami'in da ke binciken ya fassara wa mahaifinsa ma'anar 'yan alamomin da yara ke tura wa juna, wadda shi ɗan sandan ya fahimta a baibai. Na huɗu na iyaye ne zalla: uwa da uba suna tuna yadda suka ɗauka ɗansu yana cikin aminci tunda yana ɗakinsa a gaban kwamfuta. Aibin da na fi gani shi ne an bar Katie da iyayenta a gefe, kusan duk tausayin ya tafi gidan wanda ya yi kisan. Turancin iyalin ma na arewacin Ingila ne mai wuyar kamawa, sai an kunna rubutun ƙasan allo.

A Birtaniya an ware wasan ga 'yan shekara 15 zuwa sama. Keir Starmer, a matsayinsa na firaminista, ya ce ya kalle shi tare da 'ya'yansa matasa, kuma Netflix ta ba makarantun sakandaren ƙasar damar nuna shi kyauta, amma a can ɗin ma da malami a gefe ake nufi. Na ce wa ƙanwata ta fara kallonsa ita da maigidanta, ta jinkirta wa yaron sai ya cika 15, kuma idan lokacin ya yi a kalla a talabijin ɗin falo, kashi ɗaya a zama ɗaya, mahaifinsa na zaune. Ta ce ai kunya ba za ta bari uban ya zauna a kashi na uku ba, na ce to ta turo mini shi, ni kawunsa zan zauna.