Yaron da ya gyara mini adireshin shafina

Shekara huɗu ke nan ina da ɗan shafi a intanet inda nake sa farashin kayan gona kamar yadda na gani da idona a Dawanau: riɗi, zoɓo, waken suya, da citta idan ta iso daga Kudancin Kaduna. Na ɗora tallan AdSense, wato tsarin Google na biyan mai shafi kuɗin tallan da aka nuna a shafinsa, a kai ko zai riƙa fitar mini da kuɗin data. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, sai in zauna in yi dogon bayani kan shanya zoɓo, in buɗe shafin in tarar da tallan agogo a ƙarƙashinsa. Wani lokacin ma gurbin tallan fayau.

Ɗan ƙanwata ne ya haɗa ni da wani yaro mai ɗan shago a saman bene, kusa da kasuwar waya ta Farm Centre. Tebur biyu ne a ciki, da fanka mai ƙara, da kujerar roba ɗaya ta baƙo. Na ɗauka zai fara da yi mini alkawarin daloli, kamar yadda wasu biyu suka yi kafin shi. Sai ya ce in miƙo wayata. Ya buɗe labarin zoɓon a tawa, ya buɗe shi a tasa, ya jera su a tebur.

"Alhaji, duba wutsiyar adireshin."

Labari ɗaya ne, amma a wayata adireshin ya ƙare da ?p=418 sannan wasu haruffa da lambobi masu tsawo, a tasa kuma wasu daban. Wanda ya fara haɗa mini shafin ya liƙa wata ƙaramar manhaja da ke ba kowane baƙo tasa lambar a jikin adireshi. Ga yadda yaron ya fahimtar da ni: Google na da manhaja mai suna Mediapartners-Google, ita ke zuwa ta karanta shafi don ta san wane talla ya dace da shi, kuma da adireshi take gane shafin. In adireshin ya canza, a wurinta sabon shafi ne da ba ta taɓa karantawa ba, kafin ta zo ta karanta kuwa mai karatu ya gama ya tafi. Ya ce, "Ka ɗauka kullum da safe ana sauya wa rumfarka layi a Dawanau. Wa zai san riɗi kake sayarwa?" Nan na gane a hannun wanda ya san aikinsa nake. Ya kuma nuna mini cewa shafin na buɗewa da www da kuma babu www, ita kuwa manhajar Google biyu take ƙirga su.

Aikin da kansa bai kai awa uku ba. Ya cire ƙaramar manhajar nan mai sa lamba a adireshi, ya haɗe www da maras www wuri guda, ya shiga Permalinks, wato wurin saita adireshi a WordPress, manhajar da aka gina shafin da ita, ya zaɓi Post name, ta yadda taken labari ne zai zama adireshinsa, da ƙaramin layi tsakanin kalma da kalma. Tsofaffin adireshin kuma ya sa su riƙa tura mutum zuwa sababbin, abin da suke kira 301.

Inda muka yi musu shi ne kan haruffa masu lanƙwasa. Ni mutum ne da ba na son a rubuta ɓ a matsayin b, malamin Hausarmu na firamare ya sa mana wannan da bulala. To amma da na kwafi adireshin na tura wa kaina, zoɓo ya koma zo%c9%93o. Wa zai taɓa wannan a WhatsApp bai yi zaton damfara ba ce? Shawararsa ita ce taken labari ya zauna da lanƙwasarsa, adireshi kuma a rubuta zobo kawai. Na yarda, ba da son raina ba.

Na tambaye shi ko kalmar zobo a adireshi ita za ta jawo tallan noma. Ya ce kada in dogara da ita: rubutun da ke cikin shafin shi ne babba, amfanin gyaran shi ne shafi ya samu adireshi ɗaya tabbatacce da za a karanta a riƙe. Ya ce in ba shi mako ɗaya zuwa biyu kafin in yanke hukunci.

Ba zan ɓoye laifinsa ba. Wasu tsofaffin adireshi da na raba a rukunin dillalai ya manta da su, mutane suka riƙa kirana wai shafi ya mutu. Kwana biyu wayarsa a kashe, na hau benen nan sau biyu na tarar da kwaɗo a ƙofa. Da ya dawo ya ba da haƙuri, ya gyara a gabana, bai ƙara ko sisi a kan naira dubu 40 da muka yi ciniki ba. Mai buƙatar wanda zai ɗaga waya da tsakar dare ya nemi wani. Ni dai zan koma wurinsa, amma zan sa ya gwada tsofaffin adireshin ɗaya bayan ɗaya kafin in biya.

Kuɗin talla bai yi tsalle ba, har yanzu sai na yi watanni kafin in cika dala 100 da ake fara biya a kanta. Amma gurbin ya daina zama fayau, kuma a kwamfutar ɗana na ga tallan buhunan adana hatsi a ƙasan labarin riɗi. A wayata kuwa agogon bai tafi ba. Na koma na yi masa ƙorafi, ya yi dariya ya ce wani talla abin da ke cikin shafin yake bi, wani kuma mai wayar yake bi, sannan ya tambaye ni me na yi ta nema a Google kafin Sallah.