Digirin Digirgir a Tarihin Sin na Tsakiyar Zamani: Wace Ƙofa Za Ka Shiga?

Kafin a yi maganar sunan jami'a, a fara lissafin harsuna, domin su ne ainihin farashin wannan karatu. Mai son ƙwarewa a tarihin Sin daga rushewar daular Han a shekarar 220 zuwa ƙarshen daular Tang a 907, ko ya zarce har faɗuwar Song a 1279, yana buƙatar Sinancin gargajiya don karanta matani, da Sinancin zamani don karanta abin da masanan Sin ke rubutawa, da Jafananci na karatu, ga kuma Turanci. Wasu sassan kan ƙara Faransanci. Duk makarantar da ba za ta ba ka uku na farko ba, ko ta ba ka lokaci da kuɗin nemansu, ka ajiye ta gefe komai girman sunanta.

Mutane kan yi mamakin shigowar Jafananci. Dalilin shi ne babbar muhawarar wannan fanni a Japan aka haife ta. A 1922 Naito Konan na Jami'ar Kyoto ya wallafa wata gajeruwar maƙala, inda ya ce tsakanin Tang da Song an yi sauyi mai zurfi: manyan gidajen da suka gaji mulki sun ruguje, sarki ya ƙara ƙarfi, jarrabawar shiga aikin gwamnati ta zama ƙofar ɗaukaka, kuɗi da kasuwa suka bunƙasa. A wurinsa tsakiyar zamani ya ƙare da Tang. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wasu masanan Tokiyo suka ce a'a, daga Song ne ma ya fara, suna kafa hujja da matsayin manoma a gonakin masu ƙasa. An yi shekaru ana wannan ja-in-ja, kuma yawancin abin da aka rubuta ba a fassara shi ba. Ɗalibin da ba ya karanta Jafananci yakan ɓata shekara yana tono rijiyar da wani ya riga ya haƙa tun 1960.

Amurka

Ga wanda bai gama haɗa harsunansa ba, wannan ce ƙofar da ta fi sauƙin ɗauka a aljihu, ita ce kuma mafi wuyar shiga. Manyan jami'o'i irin su Harvard, Princeton, Yale, Columbia da Berkeley suna ba wanda suka ɗauka tallafin kimanin shekara biyar: kuɗin makaranta da alawus na zama. Shekara biyu zuwa uku na farko darussa ne da harsuna, sai babbar jarrabawa a fannoni uku ko huɗu, sai bincike da rubutun kundi. A aikace ana kai wa shekara shida zuwa takwas. Ana rufe karɓar takardu galibi a Disamba, kuma abin da ya fi nauyi a cikinsu shi ne samfurin rubutu da ke nuna ka karanta matanin Sinanci da kanka.

Amfanin tsarin shi ne yana tilasta maka sanin yadda muhawara ta gudana. A darasin nazarin rubuce-rubucen masana ana cinye littafi guda a mako. Ɗauki maganar manyan gidaje misali. David Johnson a 1977 da Patricia Ebrey a 1978 sun binciki yadda wasu zuri'o'i suka riƙe muƙamai ɗaruruwan shekaru. Robert Hartwell a 1982 da Robert Hymes a 1986 sun nuna yadda masu faɗa a ji na zamanin Song suka karkata zuwa garuruwansu, suka rage dogaro da fada. Sai Nicolas Tackett a 2014, ya tattara dubban rubuce-rubucen duwatsun kabari, ya ce tsofaffin gidajen ba su lalace a hankali ba, suna da ƙarfinsu har tawayen Huang Chao ya ci babban birni Chang'an a farkon shekarun 880, aka karkashe su a inda suka taru. Wanda ya bi wannan sarƙa zai ga yadda sabon nau'in hujja ke juya tsohuwar magana.

Inda tsarin ke da rauni: sashe guda kan samu masanin wannan zamani ɗaya tak. In ya yi ritaya ko ya koma wata jami'a, ka zama maraya. Kafin ka nema, duba ɗalibai nawa suka kammala a hannunsa cikin shekara goma da suka wuce, ka rubuta masa ka tambaya ko yana ɗaukar sabon ɗalibi a bana.

Ingila da Turai

A Ingila digiri na biyu shekara ɗaya ne galibi, digirgir kuma uku zuwa huɗu, ba tare da dogon zangon darussa ba. Ana shiga da tsarin bincike a hannu da malamin da ya amince ya duba aikin. Wannan ya dace da wanda harsunansa suka nuna. Ga wanda bai kai ba kuwa tarko ne, don ba a koyon Sinancin gargajiya a wata tara. Samun gurbi daban, samun tallafi daban, sai an nemi irin su Commonwealth, Gates a Cambridge ko Clarendon a Oxford. Abin da Turai ta fi kowa da shi takardun Dunhuang ne, wato tsofaffin rubuce-rubucen hannu daga wani gari a arewa maso yammacin Sin. An gano kogon da ke ɗauke da su a 1900. Aurel Stein ya kwashi kaso a 1907, kason yana Babban Laburaren Birtaniya a Landan, Paul Pelliot ya zaɓi nasa kason a 1908, wanda ke laburaren ƙasa a Paris. An ɗauki hoton da yawa an sa a intanet, amma mai nazarin takarda da tawada da rubutun bayan shafi yana buƙatar gani da ido. A Leiden ta Holan, ɗalibin digirgir da ya samu gurbi mai kuɗi ma'aikaci ne mai albashi, sai dai guraben ba su da yawa kuma sukan zo ɗaure da aikin wani malami.

Sin da Taiwan

A nan horon matani ya fi zurfi, babu tantama. Jami'ar Peking tana da cibiyar tsohon tarihin Sin, inda Rong Xinjiang ya yi fice a nazarin Dunhuang da hanyar siliki. Jami'ar Wuhan ta gaji makarantar Tang Changru, wanda ya jagoranci tace tsofaffin takardun da aka tono a Turfan ta yankin Xinjiang, kuma har yau gida ce ga masu nazarin ƙarni na 3 zuwa na 9. Fudan a Shanghai ta shahara da tarihin ƙasa da taswira. Daga can taswirar tarihi mai juzu'i takwas ta Tan Qixiang ta fito. Digiri na biyu shekara uku ne, digirgir kimanin huɗu, da Sinanci ake koyarwa, kuma galibi ana neman shaidar HSK, jarrabawar ƙwarewa a Sinanci, mataki na 5 ko na 6. Akwai tallafin gwamnatin Sin ga baƙi.

A yi hattara da abu biyu. HSK Sinancin yau take aunawa. Wanda ya ci mataki na 6 yana iya kasa karanta shafi guda na tarihin Tang. Abokan ajinka kuwa sun fara haddar tsofaffin matani tun sakandare, malami ba zai jira ka ba. Na biyu, duba shirin da kyau: akwai shirye-shiryen nazarin Sin da ake yi da Turanci don baƙi, masu amfani ga mai son siyasa ko kasuwanci, amma ba sa samar da masanin Tang. Maganar ƙabilu da iyakoki, irin su Tibet da Xinjiang, tana da takunkumi ko da a tsohon tarihi ne.

Duk wanda ya shiga wannan ƙofa zai haɗu da Chen Yinke, wanda ya rasu a 1969. Ra'ayinsa cewa gidajen sarautar Sui (daular da ta gabaci Tang) da Tang sun fito ne daga wani rukunin sojoji na arewa maso yamma, masu jinin Sinawa da na makiyaya a gauraye, har yanzu shi ake tabbatarwa ko a ƙalubalanta. Taiwan kuma tana da babbar cibiyar bincike ta Academia Sinica da laburarenta, tana amfani da cikakkun haruffan gargajiya, kuma shirin koyon harshe na Jami'ar Ƙasa ta Taiwan yana cikin mafi tsanani. Shekara guda a can kafin digirgir tana rage wahalar shekara biyu.

Japan

A Kyoto da Tokiyo ana zama a karanta matani guda layi-layi tsawon shekaru, kamar yadda ake bin littafi a zaure: a karanta, a fassara, a kawo sharhi, malami ya gyara. Sai dai suna karanta Sinancin gargajiya ne ta hanyar juya shi zuwa tsarin jimlar Jafananci, don haka sai Jafanancinka ya yi ƙwari sosai. Tallafin gwamnatin Japan, MEXT, kan fara da matsayin ɗalibin bincike kafin jarrabawar shiga. Ga yawancin mutane ya fi dacewa a je shekara guda a tsakiyar digirgir.

Kayan aiki: me za a saya, me za a bari

Kuɗinka na farko ya tafi ga littafin jagora na Endymion Wilkinson a kan tarihin Sin, bugu na baya-bayan nan. Shi zai gaya maka inda kowane irin bayani yake. Sai ƙamus ɗin Paul Kroll na Sinancin gargajiya da na tsakiyar zamani, da littafin koyon nahawu guda ɗaya, na Paul Rouzer ko na Michael Fuller, a gama shi kafin a taɓa wani. Ƙamus ɗin muƙaman gwamnati na Charles Hucker na 1985 yana da amfani, amma ka riƙa duba daular, domin muƙami ɗaya kan canza aiki daga zamani zuwa zamani. Kundin tarihin Sin na Cambridge a karanta shi a laburare: juzu'in Sui da Tang da Denis Twitchett ya shirya na 1979 ne, ya tsufa a wurare da dama, na Dauloli Shida kuwa, zamanin da ke tsakanin Han da Sui, sai 2019 ya fito. Tarihin dauloli ana ambaton su ne da shafin bugun maɗaba'ar Zhonghua mai alamomin rubutu. Rumbunan intanet irin su Scripta Sinica da CBDB na nemo wuri ne. In ka samu, koma ga bugun.

Kurakuran da ke kayar da sabon shiga sanannu ne. Tsofaffin littattafan Turanci sun rubuta T'ang da Ssu-ma Kuang, sababbi Tang da Sima Guang, sai ɗalibi ya ɗauka mutum biyu ne. Marubutan Tang suna kauce wa harafin da ke cikin sunan sarki; saboda harafin "min" na sunan Sarki Li Shimin aka canza sunan ma'aikatar haraji daga Minbu zuwa Hubu. Watanninsu na wata ne, don haka wata na 12 kan faɗa cikin Janairu na shekarar gaba. Tarihin Tang guda biyu ne, na 945 da na 1060, kuma na biyun ya taƙaita ko ya sake rubuta takardun fada da yawa, sai a gwama su da juna da babban tarihin Sima Guang da aka kammala a 1084. Mafi muni shi ne ƙidaya. Rajista ta nuna mutum kusan miliyan 53 a 754, sai kusan miliyan 17 a 764, bayan tawayen janar An Lushan. Wasu sun debe suka ce miliyan 36 sun mutu. Abin da adadin ke nunawa da farko shi ne fada ta rasa ikon yi wa larduna rajista, kuma wannan rushewa ce ta kai ga sabon tsarin haraji na 780.

Ga mai fitowa daga ƙasar Hausa

Cibiyoyin Confucius na Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe a Awka suna koyar da Sinancin zamani, mataki ne na farko kawai. Jerin da ya fi aiki shi ne shekara biyu zuwa uku na Sinancin zamani, a fara na gargajiya a shekara ta biyu, a yi digiri na biyu a Sin ko Taiwan, sannan a nemi digirgir mai cikakken tallafi, a ɗauki Jafananci a can.

Wanda ya yi karatun Larabci mai zurfi yana riƙe da abin da kaɗan daga masu neman gurbi ke da shi. Rundunar Tang da ta Abbasiyawa sun gwabza a Talas ta Asiya ta Tsakiya a 751. Akwai labarin fatake na Larabci a kan Sin da Indiya da aka rubuta a 851, wanda Abu Zaid al-Sirafi ya yi wa ƙari, har ya ba da labarin kisan baƙin 'yan kasuwa a Guangzhou lokacin Huang Chao. Masanan da ke iya ajiye matanin Larabci kusa da na Sinanci su karanta duka biyun ba su da yawa. In kana da wannan, sa shi a sakin layin farko na takardar neman gurbi, ka haɗa da fassararka ta shafi biyu ko uku daga kowane ɓangare, ka aika wa malamin da ke aiki a kan cinikin teku ko hanyar siliki tun watan Satumba.