Wane bulo za a saya in za a gina wurin hijama da tausa?

Masu shirin gina wurin hijama da tausa da maganin gargajiya, ku fara da maganar bulo tun kafin a zo kan tayil da fenti. Mutum zai kwanta rub da ciki an kafa masa ƙaho a baya, in ɗakin ya yi zafi irin na watan Afrilu ai neman lafiya ya koma azaba.

Ni dai zaɓina bulon jan ƙasa ne, wanda ake matsewa da inji a sa masa siminti ɗan kaɗan, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, ba a gasa shi balle a ƙona itace. Bangon yana shan zafin rana a hankali sai cikin dare ya sake shi, shi ya sa da azahar ɗakin ke da sanyi-sanyi ko an ɗauke wuta. Kuma ba sabon abu ba ne fa, da shi mai zanen gine-gine Francis Kéré ya gina makarantar Gando a Burkina Faso a 2001, ya ɗaga rufin kwano sama da silin iska na ratsawa tsakani, a 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya. A Nijar ma sabon masallacin Dandaji da Mariam Kamara da abokiyar aikinta suka tsara da shi aka gina. Sharaɗinsa ɗaya, a ɗora shi kan kankare sama da ƙasa, a fito da bakin rufi sosai saboda ruwan damina.

Bulon siminti kam zafi ne zalla, ribarka za ta tafi a man janareta. Gasasshen bulo yana da ƙarfi amma itacen da yake ci ya fitar da shi. Tubalin kakanni da makuba sai mai iya yaɓe duk shekara.

Toh sai 'yan damfara, nan ne na sha. Wani mai inji ya kawo min bulo jawur gwanin kyau, ruwan farko ya sauka gefen ya fara narkewa kamar gishiri, ashe siminti kawai ya nuna masa daga nesa. Wasu kuma da safe za su buga da yamma su loda a mota, alhali sai ya yi kusan kwana 28 a rufe ana yayyafa masa ruwa. Akwai ma masu zuba jan kala a bulon yashi su ce maka na ƙasa ne, wallahi. Kar ka yarda da wanda aka ajiye a bakin shago don nunawa, shiga ciki ka zaro daga tsakiyar jeri da hannunka, ka fasa ka ga ko launin ciki da waje ɗaya ne, ɗaya kuma ka tsoma a bokitin ruwa ya kwana. In ka tarar da laka a ƙasan bokitin, kar ka ba da ko sisi, kuma kar ka biya kuɗi gaba ɗaya sai lodin ƙarshe ya sauka.