Shirin waya ko likita ido da ido: wanne ya fi wa mai ciwon damuwa?

'Yar uwa, kin ce wata biyu ke nan barci ya ƙaurace miki, abinci ba ya shiga, kuka kuma ba dalili. Kina tambaya ko shirin magani na intanet zai wadatar, don ba kya son 'yan unguwa a nan Jidda su gan ki a ƙofar asibitin ƙwaƙwalwa. Allah Ya ba ki lafiya. Na bi hanyoyin biyu, ga abin da na gani.

Yawancin shirye-shiryen nan an gina su ne kan hanyar da likitan Amurka Aaron Beck ya fito da ita a shekarun 1960. Zuciya ta ce miki "ba ni da amfani ga kowa", sai ki rubuta, ki auna da gaskiya: wa ya dafa wa yara abinci yau? Sannan a ba ki ƙananan ayyuka, kamar fita tattaki bayan la'asar. Ga mai damuwa marar tsanani yana taimakawa ƙwarai, ga rufin asiri, kuma kina iya yi bayan kowa ya kwanta.

Sai dai ciwon nan kashe jiki yake yi, waya kuwa ba ta biyo ki gida. Ni a mako na uku na watsar, ba wanda ya ce ina kika shiga. Shi ya sa shirin da ke da ma'aikaci mai tuntuɓar ki duk mako ya fi wanda za a bar ki ke kaɗai. Waɗanda na gwada kuma duk da Larabci ne ko Turanci, alhali ciwon zuciya da harshen uwa ya fi faɗuwa.

Likita yana ganin abin da waya ba ta gani. Zai iya sa a auna jininki, don ƙarancin jini da matsalar gudda, wato ƙwayar nan ta wuya da ke haddasa maƙoƙo, suna kama da ciwon damuwa. Zai iya rubuta magani, wanda yakan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ji sauƙi, kuma ba a yanke shi farat ɗaya. Wahalarsa layi, kuɗi in babu tamin (inshorar lafiya), da batun igama (takardar izinin zama).

A halin da kika bayyana, ni dai likita zan ce ki fara gani, shirin waya ya biyo baya. In kunya ta hana, fara da kiran 937 na Ma'aikatar Lafiya, ko 920033360 na shawarar lafiyar ƙwaƙwalwa. Addu'a da azkar ki riƙe su, ba sa karo da magani.

In kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, don Allah kada ki jira wani shiri. Ki gaya wa wanda ke kusa da ke yanzu, a kira motar asibiti a 997 ko a kai ki sashen gaggawa.