Hasken hoton kusa: fitila mai tsada ko mayafin da ka haɗa da hannunka?

Duk wanda ya taɓa durƙusawa a bakin gona da damina don ya ɗauki hoton buzuzu ko ƙudan zuma da filasha ya san abin da ke biyo baya. Ka duba bayan kyamara, sai ka tarar gadon bayan ƙwaron ya yi wani farin tabo kamar an ɗiga masa fenti, ƙarƙashinsa baƙi ƙirin, launin kore da ruwan zinaren da idonka ya gani duk sun ɓace. Daga nan ne mutum yake fara zargin kayan aikinsa, ya shiga cigiyar fitila mai tsada. Kafin ka kai hannu aljihu, ka tsaya mu duba abin da ke kawo wannan tabon.

Ka tuna inuwarka da rana tsaka a watan Afrilu, kaifinta kamar an yanka da reza. Ka kuma tuna ta ranar da hazon hunturu ya sauko, ko hadari ya rufe sama: da ƙyar ma za ka gan ta. Ranar da ke sama ɗaya ce, sai dai hazo ya baza haskenta, sararin sama gaba ɗaya ya zama fitila. Aikin da mayafin filasha ke yi ke nan, wanda masu sana'a ke kira difuza. Iya faɗin wurin da haske ke fitowa, da iya kusancinsa da abin da kake ɗauka, iya laushin hoton. Kan filasha bai fi faɗin akwatin ashana biyu ba, shi ya sa haskenta ke da zafi.

Wani zai ce to a bar filashar mana. Ba ta baruwa. A hoton makro na gaske, wato hoton kusa sosai, inda girman ƙwaro a kan sensa (ɗan allon da ke kama hoto a cikin kyamara) ya yi daidai da girmansa na zahiri, wato 1:1, kaurin abin da ke fitowa tas bai kai milimita 2 ba ko da ka tsuke ƙofar lens zuwa f/11. Idon fara zai fito, ƙafarta ta narke. A wannan kusancin kuma hasken da ke isa sensa yakan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Ga hannu na rawa, ga iska na kaɗa ganye. Filasha kuwa, idan ka rage ƙarfinta zuwa 1/16 ko 1/32, walƙiyarta ɗaya bisa dubbai na daƙiƙa ce, tana daskarar da motsi cak.

Bari in fara da abin da ya fi cin kuɗin masu farawa, wato zoben fitilun LED da ake ɗaurawa a bakin lens. Yana da araha, hotonsa a shafin mai sayarwa yana da kyau, sau da yawa ma sunan filasha aka rubuta a jikin kwalinsa. Na taɓa sayen irinsa a hannun wani mai sayarwa ta intanet, sai da ya iso na gane ƙyaftawa kawai yake yi, ƙarfinsa bai kai ko kusa da na filasha ba. A f/11 sai na ɗaga ISO, ma'aunin jin hasken kyamara, sama sosai hoton ya yi yashi-yashi, kuma tururuwa na motsi ta zama zane. Yana da amfani wajen bidiyo da abin da ba ya motsi. Ga mai bin ƙwari, ban ba da shawararsa ba.

Akwai filashar zobe ta gaskiya, irin su Canon MR-14EX II da Nissin MF18 da Godox MF-R76. Asalin wannan fasaha ta likitocin haƙori ce: Lester Dine ne ya ƙirƙiro ta a 1952 don ɗaukar hoton cikin baki, inda ake so haske ya shiga ko'ina ba inuwa. A wannan aikin har yau ana amfani da ita, kuma ma'aikacin lafiya da ke ajiye hoton haƙori ko na fata ita ta dace da shi. Amma rashin inuwar ne ke kashe hoton ƙwaro, komai ya fito a shimfiɗe, ba tudu ba kwari. Ka ɗauki gizo-gizo mai tsalle da ita, za ka ga fararen zobba a cikin manyan idanunsa, kuma sanya mata mayafi aiki ne ja, domin ta kewaye lens ɗin.

Filasha tagwaye, mai kawuna biyu a gefe da gefen lens, ta fi ta ba da 'yanci. Kana iya ƙara wa ɗaya ƙarfi ka rage wa ɗaya, inuwa ta samu. Matsalarta kuɗi: Canon MT-26EX-RT ta kusa dala 1,000 lokacin da ta fito, Nikon R1C1 ma ba kayan talaka ba ce, ko da yake Godox MF12 da Yongnuo YN24EX sun sauƙaƙa lamarin. Kuma bayan ka biya, kawunan nata ƙanana ne, tabon nan yana nan, ya ma zama biyu. Dole dai ka koma ga mayafi.

To tunda duk hanyoyin nan a kan mayafi suke ƙarewa, ni shawarata ita ce ka sayi ƙaramar filasha ta yau da kullum wadda ake zaunarwa a saman kyamara, ka mayar da hankalinka kan abin da za ka lulluɓa mata. Godox TT350 misali ce mai kyau: batir biyu take ci, ba ta da nauyi, a ƙasashen waje ba ta kai dala 100 ba. Sai dai ka lura da harafin ƙarshen sunanta, C na Canon ne, N na Nikon, S na Sony, F na Fujifilm, O na Olympus da Panasonic. Godox TT600 da Yongnuo YN560 sun fi ta ƙarfi, batir huɗu suke ci, da hannu ake saita su, amma bayan awa biyu a sunkuye wuyan hannunka zai gaya maka bambancin nauyin. A tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, ƙaramar ta isa.

Mayafin gida sassa biyu gare shi. Akwai rumfa, wadda ke tattara haske daga kan filasha ta kai shi gaba, akwai kuma fuska, wadda haske ke ratsawa ya bazu. Rumfar kwali ce kawai: ka yanka shi ya fara da faɗin kan filasha ya yi ta buɗewa kamar mazurari har ya kai saman bakin lens, ka liƙa takardar foyil ta kicin a cikinsa, ka ɗaure shi da robar ɗaure kuɗi. Mai amfani da filashar da ke jikin kyamara yakan yi da dogon gwangwanin Pringles, tunda cikinsa da ma yana sheƙi, kuma ya warware matsalar inuwar da lens ke jefawa a kan ƙwaro. Sai dai bakin gwangwanin ƙarami ne, laushinsa kaɗan ne, in ba ka ƙara masa fuska mai faɗi ba.

Fuskar ce wurin zaɓi. Tishu ya fi komai sauƙin samu kuma haskensa na da laushi, amma raɓar asuba ɗaya ta gama da shi, kuma da asubar ne ƙwari ke zaune lamo kafin rana ta ɗumama su. Takardar zane mai shara-shara ba ta cin haske sosai, sai dai takan bar tsakiya ya fi gefe haske, sai an ninka ta biyu da ɗan rata a tsakani. Farin yadi yana aiki, amma yana shan ƙura ya koma ruwan ƙasa, launin ya shiga hotonka. Jikin farar jarka yana da ƙarko, ruwa ba ya yi masa komai, ga shi da ma a lanƙwashe yake, illarsa ita ce mai kauri yana haɗiye haske. Wanda na fi yarda da shi shi ne siririn farin soson nan da ake naɗe sabon talabijin ko kwamfuta da shi a cikin kwali. Ba shi da nauyi, yana lanƙwasuwa, ba ya jiƙewa, kuma masu shagon kayan lantarki zubar da shi suke yi. Ka nemi fari tas, ka guji wanda ya fara ja.

Ka huda rami a ƙasan soson daidai bakin lens, ka zura, sauran ya tashi sama ya rankwafo gaba kamar bakin malfa, yadda zai yi wa ƙwaron rumfa. Ranar da na fara gwada wannan a kan wani gizo-gizo mai tsalle a jikin katangar gidanmu, maimakon ɗigon farin nan sai na ga wani lallausan haske mai siffar jinjirin wata a saman kowane ido, gashin fuskarsa ɗaya bayan ɗaya ana iya ƙirgawa. Na daɗe ina kallon hoton nan.

Tsawon bakin malfar ya danganta da lens ɗinka. Lens ɗin makro na milimita 100 yakan ba ka tazarar kusan santimita 14 a 1:1, gilashin Raynox DCR-250 da ake maƙalawa a gaba kusan 12, amma idan juya ƙaramin lens ka yi baya-gaba, tazarar ba ta wuce santimita 4 zuwa 5 ba, dogon mayafi zai riƙa tunkuɗe ganye yana korar abin da ka zo ɗauka. Ka fara da saurin ɗauka na 1/200 na daƙiƙa, f/11, ISO 200, filasha a 1/8, sannan ka daidaita. Kowane mayafi yana cin wani kaso na hasken. Idan bayan hoton ya yi baƙi, ba laifin mayafin ba ne: haske yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu duk lokacin da tazara ta ninka, don haka ka riƙe ganye kusa a bayan ƙwaron. Kuma kada ka liƙa takarda ko soso kai tsaye a kan gilashin filasha, yana zafi.

Akwai mayafai na saye, irin su Cygnustech na Ostareliya da AK Diffuser, waɗanda ake yanka wa kowa daidai da kyamararsa da lens da filasha. Suna da kyau, suna naɗuwa su shiga jaka, ba sa wargajewa a hanya kamar na kwali. Amma kuɗin aikowa da jiran kaya ba ƙaramin abu ba ne, kuma in ka canja lens wataƙila sai ka sake wani. Gara ka yi damina guda da na gida tukuna, ka san siffar da ta dace da hannunka.

Masu sayar da zobba da sarƙoƙi da huluna a Instagram kuwa, kayanku ba sa gudu, ba ku buƙatar filasha ko kaɗan. Farin bokitin roba da aka huda gindinsa, a kifa shi kan kayan kusa da taga, a leƙa da waya ta ramin, zai kashe ƙyallin da ke ɓata hoton zinare, ya fito da zaren aikin hula.

In gwanjo za ka saya, ka kiyayi tsofaffin filasha na zamanin fim. Wasunsu, kamar Vivitar 283 na farko-farko, suna tura wuta sama da bolt 200 ta ƙafarsu, abin da zai iya lalata kyamarar zamani. Ka buɗe gidan batir ka duba ko ya yi tsatsa, ka harba ta a kowane mataki na ƙarfi a gaban mai kayan. Cikin kuɗin da ya rage maka kuma ka sayi batir masu caji irin Eneloop, saiti biyu, da 'yar ƙaramar tocila da za ka ɗaure a ƙarƙashin mayafin, domin inuwarsa takan hana ka ganin inda idon ƙwaron yake lokacin saita hoto.